Lambobi da ɗigogi sun wargaje a kundin ƙungiyarmu, ta ina za mu fara gyara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiya ta 'yan kasuwar kayan gwari a Mile 12 da ke Legas. Dattawanmu sun ɗora mini shirya kundin tsarin mulkin ƙungiya da Hausa, ƙaramin littafi da za a raba wa kowane mamba. Na rubuta shi a Word, ƙanena da ke koyon manhajar tsara shafuka ta InDesign ya zuba shi a shafuka, muka kai wa masu bugu a Shomolu. Da aka kawo gwajin bugu sai na ga abin kunya: a wasu wurare layi na biyu ya koma ƙarƙashin lamba, a wasu ya shige can ciki. Wasu ɗigogin farkon jeri sun zama akwatuna, lambar wasu sassan kuma ta fi ta sauran kauri. Ana cikin haka aka ƙara sashe ɗaya a tsakiya, lambobin suka rikice gaba ɗaya. Laifin kwamfuta ne, ko na masu bugu, ko namu? Yaya za a gyara?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam Sakatare. Allah ya saka da alheri kan wannan hidima da kake yi wa jama'a. In na fahimce ka, kana son sanin me ya sa jerin da ya zauna daram a allon kwamfutarka ya watse da ya isa takarda, da kuma yadda za a gina shi ta yadda ƙari ko ragi ba zai rusa shi ba. Fayil ɗin bai zo hannuna ba, don haka kan alamomin da ka zayyana zan gina amsata. Sai dai alamomi ne da duk wanda ya daɗe yana tsara littattafai ya san su, kuma kusan dukansu tushensu ɗaya: an buga lambobin da hannu, an daidaita su da dogon maɓallin nan na tazara, an kuma danna Enter a ƙarshen layi don a karya shi inda ido ya so. Masu bugu abin da aka ba su suka buga.

Wannan ɗabi'a gadon tafireta ce. A tafireta kowane harafi faɗinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, saboda haka tazara biyar a wannan layi daidai take da tazara biyar a wancan. A kwamfuta ba haka ba ne. Harafin i siriri ne, m mai faɗi ne, ita kuma tazara tana miƙewa tana tsukewa idan aka ce rubutu ya daidaita ta gefe biyu. Sannan kai a kan takardar A4 ka rubuta, mai faɗin milimita 210, ƙaramin littafi kuwa galibi A5 ne, mai faɗin milimita 148. Da layi ya gajarce, duk Enter ɗin da ka danna a ƙarshen layi ya faɗo tsakiya, tazarar da ka tara a farkon layi na biyu ita ma ta bi shi. Aikin ya zama irin na maginin da ke jera bulo da ido bai ja igiya ba: sahu biyu na farko za su yi kyau, a na goma ne katanga za ta nuna karkata.

Kafin a taɓa komai, ƙanenka ya buɗe fayil ɗin ya danna Ctrl da Alt da I tare. Ɓoyayyun alamomi za su bayyana da launi, kowace tazara ɗan ɗigo, kowane Enter da alamarsa. A Word, Ctrl da Shift da 8 ne ke yin haka. Abin da za ku gani a nan zai tabbatar da maganata ko ya ƙaryata ta.

Awo uku da jeri ke tsayawa a kansu

Kowane abu a cikin jeri sakin layi ne guda, kuma abin da ake so shi ne lamba ta tsaya ita kaɗai a hagu, rubutu kuma, layi ɗaya ne ko biyar, ya sauka a kan iyaka ɗaya. Awo uku ke kawo haka. Na farko tazarar hagu, wadda InDesign ke kira Left Indent, ita ce ke tura dukan sakin layin ciki. Na biyu tazarar layin farko, First Line Indent, ana ba ta adadi mai alamar ragi domin ta jawo layin farko kaɗai ya dawo baya. Na uku matsayar tab, inda rubutu zai fara bayan lamba. Ga rubutu mai girma 11 a shafin A5, ni kan sa tazarar hagu milimita 7, ta layin farko ragi 7, matsayar tab 7. Lamba ta zauna a bakin gefe, rubutu ya fara a 7, layi na biyu ma ya fara a 7. Shi ke nan.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne lokacin da jeri ya tashi daga 9 ya shiga 10. Idan wurin da aka bari ya yi kaɗan, lamba mai baƙi biyu za ta haye matsayar tab, rubutu ya yi tsalle zuwa matsaya ta gaba, sai ka ga daga 10 zuwa ƙasa komai ya shige ciki. Saboda haka da lamba mafi tsawo ake auna wuri, ba da ta farko ba. Ni dai na fi son a daidaita lambobi ta dama, ayar 9 ta zauna daidai saman ayar 10. Wanda zai yi haka ya sani cewa InDesign na manna ƙarshen lambar ne a inda layin farko ya fara, don haka sai a ce tazarar hagu 8, ta layin farko ragi 2. In aka bar ta ragi 8, lambobin za su fice daga akwatin rubutu su shiga gefen shafi.

Waɗannan awo kuma ba sakin layi ɗaya-ɗaya ake bi ana sa su ba. Salon sakin layi ake ƙirƙira, a ba shi suna, misali "Sashe", a shiga ɓangaren Bullets and Numbering a cikinsa a zaɓi lambobi, a sa awon, sannan a ɗora salon a kan kowane sashe. Ranar da shugaba ya ce rubutun ya matse, wuri ɗaya za a gyara, littafin duka ya bi.  Mai amfani da InDesign ba tare da salo ba ya sayi wahala ne kawai da tsada.

Tsofaffin lambobin da aka buga da hannu sai an share su, in ba haka ba za ka ga "3. 3." a jere. Idan sassan ba su da yawa a bi su da hannu. Idan suna da yawa, a Find/Change akwai shafin GREP, a rubuta ^\d+\.\s+ a wurin nema, a bar wurin musanya fayau. Ma'anarsa: lamba a farkon sakin layi, da aya, da duk tazarar da ta biyo. A yi wannan a kan kwafin fayil, a riƙa dubawa ɗaya bayan ɗaya, kada a danna musanya duka a rufe ido.

Lambar da ta yi kauri, da ɗigon da ya zama akwati

Wannan wurin ya fi shafar masu rubutun Hausa, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. A InDesign, lamba ko ɗigo na kwaikwayon kamannin harafin farko na sakin layinsa. Idan kalmar farko mai kauri ce, lambar za ta yi kauri, idan a karkace take, lambar ma ta karkace. To, mu kuma muna da ɓ da ɗ da ƙ, kuma fon, wato nau'in haruffan bugu, da yawa ba su da su. Abin da yara masu tsara shafi kan yi shi ne su aro harafin kaɗai daga wani fon. Sai sashe ya fara da "Ƙungiya za ta" ko "Ɗan ƙungiya", lambar ta kwaikwayi wancan fon na aro, ta fita daban da 'yan'uwanta. A kundin ƙungiya kuwa ka san sassa nawa ne ke farawa da kalmar Ƙungiya. Ina kyautata zaton wannan ne ya same ku.

Magani biyu ne, kuma a haɗa su. A ƙirƙiri salon harafi na musamman don lambobi, a ƙayyade masa fon da kaurinsa, a zaɓe shi a cikin salon "Sashe", daga nan lamba ta daina kallon harafin farko. Sannan a daina aron harafi kwata-kwata, a zaɓi fon da ke da haruffanmu manya da ƙanana. Charis SIL da Gentium da Noto Serif duk suna da su, kyauta ne kuma. Littafin Hausa da aka yi da fon marar ƙ, tun daga zaɓen fon aka ɓata shi, komai kyan tsarin da ya biyo baya.

Ɗigon da ya koma akwati shi ma zancen fon ne. Word na ɗauko ɗigonsa daga fon mai suna Symbol, wasu alamomin kuma irin kibiya da alamar maki daga Wingdings. Idan rubutu ya ƙaura zuwa wata manhaja aka sauya masa fon, ko aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da wancan, alamar ta rasa gida, sai akwati ya tsaya a gurbinta. InDesign kan shafa wa irin wannan wuri launin hoda a allo, gargaɗi ne da bai kamata a wuce shi ba. A yi salo na biyu, "Ɗigo", a zaɓi ɗigon da ke cikin fon ɗin littafin, wanda a Windows ake samu da Alt da 0149. Taurari da 'yan yatsu masu nuni a bar wa katin biki.

Sashe, ƙaramin sashe, da abin da ke ƙarƙashinsu

Kundin tsarin mulki ba jeri ɗaya ba ne, matakai ne. Ba sai kun ƙirƙiro tsari ba, ku dubi na Nijeriya na 1999: sashe da lamba, ƙaramin sashe da lamba a cikin baka, a ƙarƙashinsa harafi a cikin baka, sannan lambar Romawa. Lauya da jami'in rajista da duk wanda ya taɓa riƙe takardar doka sun saba da shi. Ga ƙungiya irin taku mataki uku sun isa, kuma in da hali a tsaya a biyu.

Kowane mataki da salonsa, amma dukansu su zama 'yan jeri ɗaya. A Define Lists ake ƙirƙirar jeri mai suna, a zaɓe shi a kowane salo, a ba sashe mataki na 1, na ƙarƙashinsa mataki na 2. A wurin rubuta siffar lamba, ^# na nufin lambar da ake kai, ^t na nufin tab. Wanda ya rubuta (^#)^t ya zaɓi haruffa zai sami (a), (b), (c). Wanda ya fi son 4.1 da 4.2 sai ya rubuta ^1.^#^t, inda ^1 ke ɗauko lambar matakin sama. Akwai ɗan akwatin da ke cewa a sake fara ƙirga bayan matakin da ya gabata, a tabbatar an kunna shi, don (a) ta dawo a ƙarƙashin kowane sabon sashe. Awon mataki na biyu kuwa daga inda rubutun na farko ya fara yake tashi, wato 8 idan an daidaita lambobi ta dama: tazarar hagu 15, ta layin farko ragi 7, sai (a) ta tsaya a 8.

Haruffan da manhaja ke jerawa na abacadar Turanci ne, bayan b sai c, babu ɓ, bayan d babu ɗ. Wasu kan so a bi jerin Hausa, kuma na fahimci kishin. Amma a takardar da za a riƙa kafa hujja da ita a taro, (d) da (ɗ) a jere rigima za su jawo, musamman a ƙaramin rubutu. A bar shi a, b, c, d. Idan kuma haruffa suka kai (i), wadda ke kama da ɗaya ta Romawa, alama ce sashen ya yi nauyi, a raba shi biyu.

Idan an raba rubutun a akwatuna da ba a sarƙe su da juna ba, lambobi ba za su ci gaba ba sai an kunna hakan a jerin mai suna, kuma a shafi ɗaya InDesign na bin tsarin da aka ƙirƙiri akwatunan ne, ba yadda suke zaune ba. Mafi sauƙi a sarƙe akwatunan, kundin ya zama rubutu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Yaushe lamba za ta daina motsi

Da wannan tsari, idan dattawa suka ƙara sashe a tsakiya, na ƙasa za su matsa da kansu. Abin da ba zai matsa ba shi ne inda aka rubuta da hannu "kamar yadda sashe na 12 ya tanada". Sashen ya koma 13, jimlar tana nan tana nuna 12, kuma wannan ya fi karkacewar layi haɗari nesa ba kusa ba, domin yana iya sa a hukunta mamba da dokar da ba ita ake nufi ba. InDesign na da Cross-References, wanda ke ɗaure ambaton da sashen kansa, in lamba ta sauya a sabunta shi ya bi. In ƙanenka bai kai nan ba tukuna, ya nemo kalmar "sashe na" a duk littafin, ku zauna tare ku tantance kowace ɗaya kafin bugu.

Sai dai lamba mai motsi alheri ce lokacin da ake rubutu kawai. Ranar da babban taro ya amince da kundin aka sa hannu, lambobin sun zama sunaye. Mutane za su haddace cewa sashe na 9 ne na kuɗin wata, a rubuta shi a takardun taro da wasiƙun gargaɗi. In bayan shekara biyu aka cusa sabon sashe aka bar manhaja ta ture sauran, duk waɗancan takardu sun zama masu nuna wurin da ba shi ba. Dubi yadda aka yi da tsarin mulkin ƙasa lokacin da aka shigar da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa: ba a taɓa sashe na 255 ba, sai aka sa sababbin a matsayin 254A zuwa 254F. Ku ma haka za ku yi, 9A ta shiga tsakanin 9 da 10. Saboda haka bayan amincewa a ajiye fayil mai lambobi masu motsi, a yi kwafinsa, a mayar da lambobin kwafin rubutu tsayayye da umarnin Convert Numbering to Text, a kansa za a riƙa yin gyaran gaba. Ni mai tsara shafi ne, iyakata ke nan. Abin da ya shafi ingancin gyaran a shari'a, ko abin da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ke buƙata idan za ku yi rajista, lauyanku ne zai faɗa.

Ba kowane jeri ne ke son lamba ba. Lamba tana cewa ko dai akwai tsari na gaba da baya, ko kuma za a dawo a kira abin da sunansa. Dokoki da matakan zaɓe suna buƙatarta. Manufofin ƙungiya a gabatarwa, ɗigo ya ishe su. Sunayen iyayen ƙungiya da amintattu kuwa, shawarata kada a sa musu lamba ko kaɗan. Ka fi ni sanin abin da zai biyo baya idan wani Alhaji ya ga kansa na 7 alhali yana ganin da shi aka kafa ƙungiyar. A jera su bisa muƙami idan akwai, in babu a bi abacada, a kuma rubuta a sama cewa haka aka bi.

Sannan akwai gyaran da babu manhajar da za ta yi maka. Idan layin gabatarwa ya ce "Sakatare zai:", to kowane abu a ƙarƙashinsa ya zama mai ƙarasa wannan jimla: rubuta bayanan taro, ajiye rajistar mambobi, aika takardun gayyata. Kada na huɗu ya zo da "Kuma wajibi ne ya kasance mai gaskiya". Karanta kowanne da ƙarfi haɗe da layin gabatarwar, kunnenka zai kama wanda ya kauce. Shi kuma layin gabatarwar a ba shi umarnin Keep with Next, don kada ya kwana shi kaɗai a ƙasan shafi jerinsa na shafi na gaba. Tazara tsakanin abubuwan jeri daga salo za ta fito, milimita 1 ko 2 bayan kowanne, ba daga layin da aka bari fayau ba.

Idan kundin zai ɗauki ayoyi ko wani ɓangare da ajami, wannan na buƙatar InDesign mai goyon bayan rubutun dama zuwa hagu, irin wanda aka tanada don Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. A nan lamba kan koma dama, har da jerin abjadi, kuma salonsa daban za a yi masa.

Komawa Shomolu

A shagunan Shomolu da Mushin CorelDRAW ne sarki cikin manhajojin zane, kuma a fosta da kalanda da sitika ya cancanta. Wani zai iya ce muku ku kawo ya sake zuba littafin a ciki. Kada ku yarda, domin sake zubawa sake buɗe ƙofar duk waɗannan matsaloli ne, ga shi da yawa daga masu aikin kan mayar da rubutu zane kafin bugu, daga nan kuma ko wasali ɗaya ba ya gyaruwa. Ku fitar da PDF daga InDesign, nau'in PDF/X-1a ko PDF/X-4, wanda ke tafiya da fon ɗinsa a ciki. Ku buɗe shi a wata kwamfutar daban ku duba ƙ da ɗ da ɗigogi, sannan ku kai. Idan dole sai an ba su fayil ɗin InDesign, a yi amfani da Package don ya tattara fon da hotuna a jaka ɗaya. Ku sake neman gwajin bugu a takarda, kai da mutum ɗaya cikin dattawan ku bi lambobin da alƙalami daga 1 har ƙarshe, ku sa hannu a kansa kafin a ɗora aikin a inji.